Hudar Labulen Baba

A jikin labulen dandalinmu akwai wata huda da ba ta fi girman kwabo ba, daga ɓangaren hagu, daidai idon gajeren mutum. Ni tela ne, ni na ɗinka labulen da hannuna, da yadin da aka rina mana a Ƙofar Mata. Ranar da muka rataye shi, Baba ya karɓi almakashina ya ɓula shi ina tsaye ina kallo. Na ji kamar a cikina ya soka almakashin.

Na ce, "Haba Baba, sabon labule?"

Ya ce, "Kai ka yi na rufewa, ni na yi na gani. Kowa ya yi aikinsa."

Da na ga aikin gama ya gama, sai na samo farin zare na kewaye bakin hudar don kada ta ci gaba da yagewa.

Baba ba shi ya haife ni ba. Shugaban ƙungiyarmu ne ta wasan kwaikwayon dandali, kuma duk mu takwas haka muke kiransa. Gajere ne fari, jikan fataken Larabawan da suka zauna a birni tun zamanin raƙuma. Danginsa kaf 'yan kasuwa ne, shi kaɗai ya fita zakka, kuma ba su taɓa yafe masa ba. Ba ya fita daga gida sai ya rambaɗa kwalli. Muna wasa duk Asabar bayan la'asar a wani ɗakin taro da ba shi da nisa da marina, mu tashi kafin magariba. Rabin 'yan kallonmu baƙi ne. Akwai masu yawon buɗe ido da 'yan rakiya ke kawo mana bayan sun gama ɗaukar hoton marina, wasu ko gaisuwa ba su iya da Hausa ba amma su fi kowa dariya. Akwai 'yan kasuwar Nijar da Chadi da ke jiran a ɗaure musu kaya, sai ɗalibai, sai mutanen unguwa.

Ba ma rubuta wasa. Baba zai zauna a tabarma ya ba mu labari, ya raba wa kowa matsayinsa, mu yi ta gwaji har magana ta zauna a bakin kowa. Amma in mun zo fitowar ƙarshe sai ya tafa hannu ya ce a tashi. Ba a gwajin ƙarshen wasa a wurin Baba, kuma ba ya faɗa wa kowa. Sai ranar wasa, in an ja labule kafin fitowar ƙarshe, ya je ya manna idonsa a hudar nan yana kallon mutane, mu kuma muna bayansa muna jira. Can sai ya juyo ya gaya mana yadda za a ƙare, cikin magana biyu ko uku. Wasa ɗaya sai ya ƙare da aure a wannan Asabar, ta gaba ya ƙare a gidan yari.

Shekara goma sha bakwai ina tare da shi, kuma shekara goma sha bakwai abin nan yana ba ni haushi. Ni mutum ne mai son awo. Ba na sa almakashi a yadi sai na san inda hannun riga zai tsaya. Na sha gaya masa wannan caca ce kawai yake yi da mutuncinmu. Sai ya yi dariya ya ce, "Labarin zuciya a tambayi fuska. Kuma ba ido nake kallo ba, Bakano ya iya riƙe idonsa. Baki nake kallo. Baki ba ya iya ɓoye abin da mutum ya taho da shi daga gida."

A shekarar da annobar korona ta zo, mun shafe wata biyu muna gwajin wani sabon wasa. Labarin wani tsohon marini ne da ciwo ya kwantar, ɗansa ya dawo daga Legas yana son a cike rijiyar rinin uban a gina shago a kai. Baba ne tsohon, ni ne ɗan. Gwajinmu kullum yana tsayawa a wuri ɗaya: tsoho na kwance a bakin rijiya, matarsa na riƙe da kwanon kunu ya ƙi sha, ga ɗa ya shigo da magina. Daga nan Baba zai tafa hannu. Dukanmu mun yanke cewa tsohon mutuwa zai yi, ba wata hanya. Matar da ke fitowa a matsayin matar tsohon har kukan take gwadawa a ɓoye. Ni kam a karon nan na fi kullum ƙaguwa, don ban taɓa ganin Baba ya shiga wani matsayi kamar yadda ya shiga wannan ba.

Baƙi ne suka fara ɗaukewa. Asabar ɗaya muka leƙa muka ga kujerun gaba babu kowa, 'yan rakiya na zaune a ƙofar marina suna korar ƙuda. Sai aka hana taro, saura kwana huɗu mu buɗe sabon wasan. Mai ɗakin ya sa kwaɗo, labulenmu na ciki. Ba a jima ba aka kafa dokar kulle.

Gidana a Dukawuya ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, ni da matata da yara huɗu. Ga zafi, ga azumi ya shigo. Na jawo keken ɗinkina daga shago na kafa shi a soro, na koma ɗinka takunkumi da guntayen atamfa, don shi kaɗai ake nema. Daga safe har la'asar ina taka keke, ina ɗinka abin rufe bakin mutane. In Asabar ta zo, da an yi sallar la'asar sai jikina ya fara tsuma, in tashi in zauna, in leƙa ƙofa in dawo. Na wayi gari ina faɗar maganganuna na wasan a kan keke, in yi shiru daidai inda Baba zai amsa. Matata ta leƙo wata rana ta ce, "Malam, wai da wa kake faɗa? Yara sun fara tsorata." Na daka mata tsawar da ba ta cancanta ba, kuma har yau ina jin kunyar abin.

Sannan aka shiga rasuwar dattawa. Kowace safiya waya sai ta kawo sunan wani: limamin can, mai goron nan, malaminmu na firamare. Na kai matsayin da in waya ta yi ƙara sai in kife ta. Zan faɗi gaskiya a nan, tunda ba wanda ya tilasta ni rubutun nan. Duk wanda ya san cikin birni ya san ba a iya kulle lungu. An tare manyan tituna, amma mai niyya zai iya bin lungu daga Dukawuya har Kabara, inda gidan Baba yake. Mutane suna yi. Ni tsoro ne ya kulle ni, na fake da doka.

Ɗaya daga cikinmu ya kawo shawarar mu riƙa ɗaukar wasan a waya muna sakawa a intanet, kamar yadda wasu suka koma yi. Ni aka wakilta in kira Baba in gaya masa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To ita wayar ta ina zan leƙa?"

Na ce, "Baba, zamani ne. Mutane za su gani daga gidajensu."

Ya ce, "Su za su gan ni, ni ba zan gan su ba. Wannan ai ba wasa ba ne, leƙen asiri ne."

Da na ga ba nasara, sai na shigo da abin da ke cina. Na ce, "To ko ni kaɗai ka gaya mini ƙarshen wasan nan. Wallahi ba zan faɗa wa kowa ba. Ya hana ni sukuni."

Ya ce, "Kai tela, ka ɗauka a aljihu na ajiye shi? Bari a buɗe gari." Ya yi wani tari da ban so ba, ya kashe wayar.

Bayan kamar mako biyu babbar 'yarsa ta kira ni. Malamar makaranta ce, ita ke kula da shi tun rasuwar mahaifiyarta. Kawu take ce mini, amma ba ta taɓa taka ƙafa ɗakin wasanmu ba, don a wajen dangin uban ta tashi, ta sha abin da suka sha. Ta ce jikin Baba ya yi zafi, numfashi yana yi masa wuya, kuma ya ƙi yarda a kai shi asibiti. Ta ce yana yawan ambatona.

A lokacin akan ware wasu ranaku a sassauta dokar don mutane su sayo abinci. Na jira irin wannan rana, na ɗaura takunkumi biyu, ɗaya kan ɗaya, na kama hanya. Ta tare ni a soro, ita ma bakinta a rufe, ta nuna mini inda zan tsaya. Ɗakin Baba yana kallon soron, da labule a ƙofarsa. Na yi sallama. Na ji motsi, sai na ga gefen labulen ya ɗan ɗaga, ido ɗaya ya bayyana. Ko a wannan hali da kwallinsa.

Ya ce, "Wane ne wannan kamar ɗan fashi?"

Na ce, "Ni ne, Baba. Ya jiki?"

"Jiki ga shi nan. Kai dai ba dubiya ta kawo ka ba, na san abin da ya kawo ka."

Na yi dariyar dole, don rabin maganarsa gaskiya ce. Na ce, "To tunda ka sani, Baba, ka taimaka. In aka buɗe gari kana hutawa, wa zai gaya mana?"

Ya daɗe yana mayar da numfashi. Sannan ya ce, "Mutum ɗaya ba taro ba ne. Amma tunda kai kaɗai Allah ya kawo mini, cire ƙyallen nan in ga bakinka."

Tsakanina da shi ya kai taku shida. Na kai hannu kunnena, na taɓa igiyar. Na tuna tarin da na ji, na tuna yarana huɗu, na tuna sunayen da waya ke kawowa. 'Yarsa ba ta ce cire ba, ba ta ce kada ka cire ba. Na sauke hannuna na ce, "Baba, likitoci sun hana."

Bai yi fushi ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Sun yi gaskiya. To ai ba ni da abin da zan gaya maka ke nan. Je ka, kada lokaci ya ƙure maka a hanya. Ka gaida yara." Labulen ya koma yadda yake.

Kwana tara bayan nan ya rasu, da hantsi, a ranar da ba a fita. Na sa takalmi na fito. Maimakon in bi lungu, sai na miƙi babban titi, inda na san akwai shinge. Masu tsaro suka ce in koma, na koma ban ko yi musu ba. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, da suka mayar da ni sai na ji wani sanyi a raina. Na dawo soro na zauna a gaban keke, na kasa taka shi, na kasa shiga cikin gida. Kafin azahar an binne Baba ban ga ko makararsa ba.

Watanni suka wuce. Aka buɗe gari, aka buɗe kasuwa da masallatai, amma ni ban ji an buɗe ni ba. Na mayar da keke shago. In hanya ta bi da ni ta wajen ɗakin wasan sai in sauya lungu. Daga baya mai ɗakin ya aiko cewa an yarda a yi taro, da sharaɗin a rage kujeru, a ba da tazara, kuma kowane ɗan kallo ya rufe bakinsa. Mu bakwai muka rage, don ɗaya ya koma ƙauyensu bai dawo ba. Suka ce sabon wasan za a yi, don shi Baba ya bari, kuma ni zan hau matsayin tsohon. Na ƙi, na ƙi, har na rasa dalilin da zan bayar. Muka koma gwaji. In mun zo inda ɗa ke shigowa da magina sai kowa ya yi tsaye cirko-cirko, ba mai tafa hannu, ba kuma mai ci gaba. A raina na riga na gama awo: tsohon zai mutu, kuma na tsara wata doguwar wasiyya da zan faɗa don girmama Baba. Na haddace ta tsaf.

Ana saura kwana uku 'yarsa ta zo shagona, ta ce ɗinki ta kawo. Ta ajiye yadin, ba ta faɗi irin ɗinkin ba. Can ta ce, "Kawu, ranar nan me ya sa Baba ya ce ka cire takunkumi?"

Na ba ta labarin hudar, da farin zaren, da yadda yake karanta bakin mutane kafin ya yanke ƙarshen wasa. Tana saurare tana murza bakin mayafinta.

Ta ce, "Kwanakinsa na ƙarshe ina jin sa ta bango yana wasan nan shi kaɗai. Ya yi muryar tsoho, ya yi muryar ɗan, har da ta matar. Ni da ban taɓa kallonsa ba sai ga ni a tsaye da kwanon kunu ina saurare. Da ya zo inda magina suka shigo sai ya yi shiru. Kullum a nan yake tsayawa. In shiga in ba shi kunun, ya kawar da kai." Ta ɗago ta dube ni. "Ya gaya maka yadda ya ƙare?"

Na ce, "Bai gaya mini ba."

Ta ce, "Yaushe za ku yi?" Na gaya mata. Ta tafi ta bar yadin.

Ranar Asabar muka yi wasan. Baƙi ba su dawo ba tukuna, ba mai kyamara ko ɗaya, sai mutanen gari da ba su cika rabin ɗakin ba. Na sa tsummokaran tsohon marini, na shafa shuni a hannuwana har gwiwar hannu kamar yadda Baba ke yi. Wasa ya tafi, amma kamar a cikin rijiya nake magana. In an yi dariya ma a toshe take fitowa. Muka zo wurin, magina suka shigo, aka ja labule.

Na tashi daga kwancen, ina shirin ce musu ga yadda za a yi, sai na ga duk su shida sun zuba mini ido, sannan sun dubi ɓangaren hagu. Na gane ba za su karɓi wata magana daga bakina ba sai na je can.

Na fi Baba tsawo sosai, sai da na rusuna. Farin zaren da na kewaye hudar da shi ya zama baƙi ƙirin. Shekara da shekaru ina ganin labulen nan ban taɓa lura ba, don ban taɓa kawo fuskata kusa haka ba. Kwallinsa ne. Na ɗora idona a kai.

Ban ga komai ba sai ƙyalle. Mutane a warwatse, zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gaba, kuma kowane baki a rufe. Har na gane ɗinkina a fuskar mutum uku. Na bi layi na farko, na bi na biyu, ba abin da zan karanta. Na ce a raina, shi ke nan, sana'ar Baba ta bi shi, gara in koma ga wasiyyata da na haddace.

Sai na ga 'yar Baba a layi na huɗu, ita kaɗai, kujerar dama da ta hagu babu kowa. Ba tsakiyar labulen take kallo ba kamar sauran mutane. Ɓangaren hagu take kallo, daidai inda nake. Ta kai hannu kunnenta, ta zare igiyar, ta sauke takunkumin zuwa haɓarta.

Bakin ubanta ne sak. Ta datse leɓenta na ƙasa da haƙori, yana rawa, irin na wanda ya miƙa hannu yana jiran allura. Ta riga ta san abin da za mu yi, kamar yadda kowa ya sani. Ta zo ne ta zauna ta ga ya sake mutuwa, tunda dai ta nan ne kawai za ta ji ƙarshen.

Na juyo. Matar da ke matsayin matar tsohon ta riga ta tara hawayenta, ta ce, "Malam, mutuwar ce ko?"

Na ce, "Tsohon nan ba zai mutu yau ba."

Wanda ya karɓi matsayin ɗan ya ce, "To me zai yi?"

Na ce, "Zai tashi ya fatattaki maginanka da sandar rini. Ke kuma ki miƙo kunun."

Aka buɗe labule. Na tashi na bi magina da gudu har bayan dandali, na dawo ina haki na zauna a bakin rijiya, na ce wa matar, "Ke, wai kunun nan na ado ne?" Ta miƙo mini. Kwanon wasa ne, babu komai a cikinsa. Na kafa kai na yi ta sha, na ƙi saukewa, don ban san yadda zan yi da fuskata ba in na sauke. Ina cikin kwanon na ji wata murya daga layi na huɗu, ba a toshe ba, tana cewa, "Shanye, Baba. Shanye duka."